Maƙwabtan Barira

Barira ta dawo hutu daga Jojiya
da akwati ɗaya, da tari, da wata dariya
da ban san ta da ita ba.
Karatun likita muka tura ta.
Daren farko, bayan tuwo, aka ɗauke wuta,
ta kife turmi, ta ɗora kwamfuta,
ta ce, Baba, zo ka ga maƙwabtana.

Mutanen zane ne, yatsu hurhuɗu.
Maigidan tumbi kamar randa,
hancinsa na riga shi shiga ɗaki.
Matar na yanka albasa tana yanka masa magana.
Ga wata tsohuwa a kusurwa cikin baƙin gyale,
ba ta tanka wa kowa sai an kusa tashi,
ta jefo kalma ɗaya, gida ya kama da wuta.

Harshensu kuwa, wane mutum!
Baƙaƙe cunkus kamar fasinja a Kwangila,
babu wasalin da zai buɗe musu taga.
Rubutunsu ya nannaɗe kamar taliyar murji.
Na ce ta fassara.
Ta yi layi biyu, dariya ta ƙwace ta.
Na ce bar shi, na gane.

Don ga wani ya sauko daga baƙar mota
da almakashi mai ƙyalli,
ya yanke zare a kan famfo.
Famfon ya yi tari, ya tofar da ƙura.
Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.
Motar na tashi, yaransa suka kwance famfon
suka bi shi da shi unguwa ta gaba.

Hansatu ta ajiye ludayi.
Ta ce, wallahi wannan ya taɓa zuwa Tudun Wada,
hula kawai ya sake.
Na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa.
An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To da wane ruwan?
Jarka ashirin ke layi a ƙofar gidana
tun Tasi'u bai yi haƙori ba.

Shi Tasi'un bai yi dariya ba.
Ya zauna daf da allon, baki buɗe,
kamar mai haddar wani abu.

Da safe na fito da buta
na iske kaina a bangon tsakar gida.
Gawayi. Hula a karkace, tabarau a kan hanci.
Hannuna na dama a sama, yatsa na nuna gwamnati.
Na hagu a ɓoye a bayana
riƙe da buhun shinkafa mai hoton wani.
Daga bakina ya zana balo, a ciki ya rubuta:
Wannan karon ne kawai.

Na cire silifa.
Hansatu ta cusa bakin mayafi a baki,
kafaɗunta na rawa.
Barira ta ce wai tarin ne ya taso mata.
Sai ga Gwaggo Lantana da sandarta,
ta tsaya gaban bangon,
ta matsa kusa, ta ja da baya,
ta daɗe kamar mai taya saniya.
Ta ce, buhun bai kai haka ba.

Na mayar da silifata ƙafa.

Barira ta koma ƙasar masu dogon hanci.
Damina ta sauka, Kubanni ta cika ta batse,
famfonmu yana nan da azuminsa.
Ruwan indararo ya fara da yatsan,
ya ci hannun dama har kafaɗa,
ya bi ta kan hular.
Buhun yana ƙarƙashin kwano, feshi bai kai shi ba.
Na sayi farar ƙasa tun watan jiya,
tana nan a zaure ban kwance ba.
Jiya na ji lasifika ta bi ta Ƙofar Doka,
yau na ga Tasi'u a murhu
yana zaɓen gawayi mai tsini.