Daga Rumfar Mai Gyaran Rediyo

Kwana tara ke nan a kasuwar Garwa,
duk rediyon da na jona wa waya ta farfaɗo,
da sunan Barmo take buɗe baki.
Giwa ta faɗi, in ji su. Ba su yi ƙarya ba,
ga shi kowa ya fito da wuƙarsa
yana yankar rabonsa na "ni da marigayi".

Darektan da ya rufe masa shiri shekara biyu
kan tambaya ɗaya game da kuɗin auduga,
jiya sai da aka miƙa masa ruwa,
wai kuka ya shaƙe shi a gaban makirfo.
Wani ya rantse tare suka taso,
bai san gabas ƙofar gidan take kallo ba, ko yamma.

Wata huɗu yana kwance, ƙafa a kumbure.
Kuna ina?
Matarsa Dudu ta kawo mini rikodarsa
ƙunshe cikin ɗankwali,
na saya sefa dubu takwas, kuɗin allura uku.
Tana nan ƙarƙashin benci. Na kasa kunna ta.

Ni na san mutumin.
Ga saurin fushi, ga cin bashi,
ya tafi da kuɗin batir ɗina, na yafe.
Kifin Lagdo yake so, da yaji har hawaye.
In baƙo ya cika zuba a shirinsa
sai ya ƙwanƙwasa tebur da biro:
"Malam, gajarta, mutane na jira."

To, mutane na jira.
Manoman Pitowa sun auna audugarsu tuntuni,
takarda kawai ke aljihunsu, har ta fara yagewa.
Famfon unguwarmu sati uku yana tari babu ɗigo.
An ce kwale-kwale ya kife a Binuwai ran Talata,
ba mu ji sunan ko mutum guda ba,
lokacin labarai ya ƙare a ta'aziyya.

Yabo bakin kushewa yake tsayawa.
Addu'a ke shiga, ita kuwa ba ruwanta da lasifika.
Ku yi masa ƙulhuwallahu, ku shafa,
wani cikinku ya hau babur ya nufi Pitowa.
In rikoda ce babu, a biyo ta rumfata,
layin masu agogo, kusa da mai shayi.
Na sa mata sabon batir da safe.