Na Sauya Mata Murya

Aikina a gidan rediyo ƙarami ne:
in murɗa maɓalli, in rage ƙara, in share tari.
Cima ce mai yawo.
Da yamma take dawowa, takalminta ya sha ƙasar Kara-Kara,
ta ajiye mini rakoda a tebur
kamar mai ajiye garwashi.

Ran nan ta ce, Mutari, sauya wannan murya,
ko uwar da ta haife ta kada ta gane ta.

Na toshe kunnuwa da ita.
Budurwa ce, tana ƙirga.
Jaka ashirin aka danƙa wa kawunta a tasha,
aka ce wanke-wanke ne a arewa, wata shida.
Ta ƙirga shinge bakwai bayan Tanut,
ba wanda ya leƙa bayan mota,
don direba na da takarda,
takarda na da hatimi,
hatimi kuwa yana kwana a aljihun wani
mai zama a sahun gaba ran Juma'a,
wanda ya ja mana famfo unguwa
shekarar da muka sayi jarka dala ɗari.

Ta ƙirga dare a ɗaki mai ƙofar ƙarfe.
Ta ƙirga takalman da aka cire a bakin ƙofar
har ƙirga ta gaji ta bar ta.

Na murɗa.
Muryarta ta yi kauri,
ta koma ta tsoho mai magana daga cikin rijiya.

Wata goma sha ɗaya Cima na bin sawu.
A komisariya aka ce gara ta ci takardun.
Gara mai ilimi!
Ta tsallake ƙarar ɓarayin awaki,
ta zaɓi wannan ta yi kalaci.
Aka aiko da rago. Ta mayar.
Aka aiko da gaisuwa:
ya ɗanki Laminu,
har yanzu ta bayan gidan waya yake bi in an tashi lakwal?
Ran nan ba ta taɓa shayinta ba.
Ta dai ce, ƙarfe takwas, kada ka makara.

Takwas saura minti biyu wuta ta ɗauke,
layinmu kaɗai.
Shugaba ya bugo, muryarsa na rawa: ku bari tukuna.
Muka zauna cikin duhu, ni da ita,
muna jin talabijin ɗin maƙwabta na dariya.

Amma wa ya taɓa ɗaure magana a Damagaram?
Ta fita a katin waya, ƙarami kamar farce.
Mai kabu-kabu ya ba mai shayi,
mai shayi ya ba mai gyaran fata,
kafin la'asar Kasuwar Dole ta ji,
kafin kwana uku ta wuce Matamai.

Kada ka tambaye ni ko an kama shi.
Yana nan a sahunsa, rigarsa na ƙamshi.
Cima ce aka aiko wa sammaci.
Ta naɗe shi, ta tokare ƙafar tebur mai girgiɗi.
Duwatsun Birni ma sun ji komai,
suna zaune yadda suke.

Ran Alhamis wata tsohuwa ta zo daga Kance,
kuɗin motar komawa ɗaure a bakin zane.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, wane ne ya yi wa Laure wannan murya?

Na ce, Inna, ta yaya?

Ta ce, kafin ta faɗi abin da ke mata ciwo
takan ja numfashi sau biyu.
Tun tana goye.

Na share tari, na share suna, na share garinsu,
ban san ana share numfashi ba.

Ta ce, shekara uku ban ji ta ba.
Ba ni ta gaskiyar.

Na dubi Cima. Cima ta rufe ƙofa.
Na mayar da maɓalli
inda Allah ya ajiye shi.