Maɓallin Sake Farawa

Shekara arba'in da ɗaya kakana Gavril
yana kai wasiƙu ƙauyukan kogin Kuskokwim
a wani ɗan jirgi rawaya mai fiffiken yadi,
wanda in ya yage sai ya zauna ya ɗinke shi
kamar mai banke tsohuwar riga.
Ya ɗauki garin alkama, da kananzir, da karnuka,
sau biyu mai naƙuda, sau ɗaya gawa.

Ran da likitan Aniak ya ce idon ya gaza
bai yi musu ba. Ya rataye hularsa a ƙusa,
ya koma bakin taga, sama ta zama ta wasu.

Da kuɗin kifin bana na haɗa masa na'urar:
kwamfuta, sandar tuƙi, matakan ƙafa biyu
da na ɗaure da igiya a jikin kujerar kicin.

Ya leƙa allon, ya ja tsaki.
"Tekla, ina warin mai?
Ina sanyin da ke kurɗowa ta ƙasan ƙofa?
Iska ba ta fara yi wa ido magana,
ƙashin baya take fara gaisarwa."
Duk da haka ya zauna.
Farfela ta juya a bayan gilashi,
na ga yatsansa yana laluben wani makunni
da babu shi a kan teburin.

Ya yi ta kama musu kuskure, yana jin daɗi.
Wancan tudun tsakuwa ruwa ya cinye shi
tun kafin a haifi uwarki.
Itatuwan nan sun cika tsawo.
Kuma ba mai ɗaga hannu a bakin gaɓa.

Sai tsakiyar sanyi, rana na leƙowa ta koma,
ya ce, "Sa mini hazo."
Na sa.
"Ƙara."
Na ƙara har tsaunuka suka ɓace.
Ya juya hancin jirgin zuwa wata mashiga
wadda ba a kiran sunanta a gidanmu.
Ya daki dutse. Allon ya yi baƙi ƙirin.
Na danna maɓalli, sai ga jirgi a kan tsakuwa,
ko ƙwarzane babu.
Ya daɗe yana kallon yatsana.
"Da Ilarion ya sami wannan," ya ce,
bai ƙarasa ba.

Ilarion ƙaninsa ne.
Hotonsa ɗaya ya rage, yana dariya da haƙorin da ya karye.
Buhun wasiƙu kaɗai aka tsinta da ƙanƙara ta narke,
kakana ya shanya su ɗaya-ɗaya a kan murhu,
ya kai wa masu su da kansa.

Dare goma sha tara yana shiga mashigar nan.
Ta dama, dutse.
Ta tsakiya, dutse.
Ya hau sama, injin ya shaƙe, jirgin ya zubo.
Ni kuwa ina gefe, kamar ungozomar da aikinta
mai da rai ne da yatsa ɗaya.

A na ashirin ya sauko ƙasa-ƙasa,
ya manne wa bangon hagu har fiffike na shafar itace,
yana ƙirge a fili, cikin harshen uwarsa,
wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ina goye.
Hazon ya tsage. Ga tafki, fari fat.
Ya sauka a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.
Ya kashe injin.

Murhu na ƙara. Can waje wani kare ya yi haushi ya daina.

"Da hanya," ya ce. "Ashe da hanya."
Har yau ban san ko sauƙi ya samu
ko wani sabon nauyi ba.

Ya miƙe, gwiwa na ƙas-ƙas,
ya ɗauko hular nan daga ƙusa,
ya kifa mini har ta rufe girata.
"Zauna. Ƙafa a kan mataki.
Cire hazon tukuna,
ki fara sanin inda duwatsun suke."