Atishawar Anselmo

Shekara goma sha ɗaya ke nan hannuna na dama
yana zaune cikin wani kwasakwasa na tsumma.
Ni na ɗinka shi a ɗakin haya, kan tudun Valparaiso,
da tsohuwar rigar sanyin kawuna Eleuterio,
wadda har yau takan yi ƙarnin kifi in an yi ruwa.

Anselmo muka raɗa masa.
Da fari tsuntsun teku ne mai tsoron teku.
Yakan tsaya bakin gaɓa yana ƙirga jirage,
yana jiran ƙanensa da guguwa ta ɗauke.
Ya taɓa satar kifi ya laƙa wa kyanwa,
ya yi kwana uku bai iya haɗa ido da kowa ba.
Wata yarinya ta rubuto daga Temuco:
"Ni ma na fasa kofin kaka, na ce iska ce.
Jiya na gaya mata."
Wasiƙar na nan a jakata, ta yi laushi don ninki.

Ran wata Talata ƙura ta shige mini hanci.
Na yi atishawa, bakinsa ya wage, hularsa ta faɗi.
Masu kyamara suka yi dariya har da riƙe ciki,
aka bar wurin ba a yanke ba.

Kafin wata ya zagayo, ka ce ƙasar duka mura take.
Yara na atishawa a layin makaranta,
a bas, a kujerar likitan haƙori.
Fuskarsa ta hau safa, ta hau kwalin madara.
Casimiro, mai riƙe da kuɗin shirin, ya tara mu,
ya nuna wani jan layi da ke hawa sama:
"Atishawa huɗu kowane mako.
Zancen ƙanen nan a binne shi, yana sa iyaye canza tasha."

Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.
Na bar ɗakin haya. Na sayi firji.
Anselmo da ya kasance rijiya gaba goma
ya koma faranti, kowa na hango gindinsa.
Ba ya ƙarya yanzu, ba ya kunya,
ba ya jiran kowa.

Asabar da ta wuce, a wani babban kanti,
yara sun fi ɗari suna ihu: "Yi! Yi!"
Wani saurayi mai sabon gashin baki,
ɗauke da ƙanwarsa a wuya, ya matso ya yi ƙasa da murya:
"Ƙanen nasa fa, ya dawo kuwa?"

Ban san lokacin da yatsuna suka saki ba.
Kan Anselmo ya sunkuya
kamar yadda yake yi da, a bakin gaɓa.
Kantin ya yi tsit.
Na ƙirga jirage bakwai a zuci.

Casimiro ya ɗaga mini yatsa daga bayan labule.
Na ja numfashi.
Hular ta faɗi.