Idon Sanyi

Bayan la'asar a Birni,
duwatsun Damagaram na amayar da ranar da suka haɗiya.
Kawu Lawali ya share ƙasa da tafin hannu,
ya ɗauki karan dawa ya ja layi.
Shekara ashirin yana ɗaure notin jiragen soja,
bai taɓa tashi sama ba.

"Nan ciki, nan fikafikai, nan wutsiya.
Nan kuwa, bisa hanci, gilashi kamar ƙwan zabo:
ido ne.
Ba ruwansa da tuta, ba ruwansa da fenti.
Zafi kaɗai ya sani."

Na ce, to da me ake koya masa?

"Da sanyi, Zuwaira.
Sai an sanyaya idon fiye da ruwan randa,
fiye da ƙanƙarar kasuwar Dole,
sannan ya gane ɗumin bayan jirgi.
Na farkonsu wawa ne,
ya hangi rana ya bi ta har ya ƙare.
Masu zane suka koma tebur,
shekaru, alli, gardama,
har ya daina rikita rana da mutum."

Mutum ya ce. Ina jin inji yake nufi.
Bai gyara ba.

Akuyar maƙwabta ta ratsa ta kan zanen,
ta tafi da wutsiyar a kofato.
Inna ta miƙo shayi.
Kawu ya rufe kofin da hannu biyu, ya daɗe,
kamar mai ɓoye shi
kada wani abu daga sama ya gani.