Kilo Uku

Kilo goma sha ɗaya sun tafi ba gardama,
kamar baƙin da suka ga an kife tukunya.
Saura uku.
Su kam tabarma suka shimfiɗa a ƙuguna,
suka ce nan ne gidan ubansu.

Ni tela ne, a Zango rumfata take.
Shekara talatin ina auna cikin mutane,
na san mai riƙe numfashi in igiyar awo ta zagaye shi,
ban taɓa tona kowa ba.
Yau ga ni da asuba, ƙofa a rufe,
ina yi wa igiyata irin wannan ƙarya.

Tun ranar da likita Gambo ya dubi takarda, ya dube ni,
ya ce sukari na bakin zaure yana sallama,
na yanka wa yini iyaka:
ba loma sai an kira azahar,
in an sallame isha'i, baki ya kulle.
Tsakani sai ruwa, sai shayi baƙi,
mai ɗaci kamar tunin bashi.

Hantsi ne abokin gabata.
Lokacin Barira ke aza kasko a bakin lungu,
ƙamshin ƙosai ya tsallako kwata,
ya shigo ba izini, ya zauna mini kan keke.
In taka feda, in taka, in taka,
har rannan na haɗe wuyan riga da aljihu.

Ila, yaron shagona, ya ce, "Baba, azumi ne?"
Na ce a'a, ai ina shan ruwa.
Ya ce, "To ladan fa?"
Na aike shi sayen zare.

Ran Alhamis, in kasuwar Dole ta fara watsewa,
nakan hau sikelin Nomau bayan buhunan gyaɗa.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta koma ta tsaya inda ta saba.
Mako biyar ke nan.
Nomau ya ce, "Tuɓe hula mu gani."
Na yi dariya tare da su,
amma wallahi sai da na tuɓe.

Ba zan ɓoye ba, na faɗi sau ɗaya.
An kawo alkakin suna daga Birni,
tsakar dare na ci huɗu, a tsaye, cikin duhu.
Da safe tururuwa ta bi sawu ta ba da shaida.
Tsahara ba ta ce uffan ba,
ta share, ta miƙo mini ruwa.
Da ma faɗa ta yi.

To me ke riƙe da ni?
Ba madubi ba, mun daɗe da ɓatawa.
Gwiwa ce, da ta daina ƙara in na tafi sujada.
Jikata ce, da nake ɗauka har bakin titi ban yi haki ba.
Da wani wando a gindin adaka,
ni na ɗinka shi shekarar da aka haifi uwarta.
Saura yatsa biyu maɓalli ya ga ƙofarsa.
Ina da almakashi, ina da ƙyalle, aikin minti goma ne.
Na ƙi.

Ai mutumin Damagaram ba a koya masa jira.
Mun jera jarkoki gaban busasshen famfo,
mun kwana muna saurarensa,
ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari,
wanda ya yi fushi ya kwashe nasa ya tafi,
can kusan assalatu ruwa ya zo.

Yanzu inuwar rumfa ta janye har gindin bango.
Ila ya sayo fura, ya rufe da faifai,
yana kallona ta wutsiyar ido.
Ladan bai kira ba tukuna.
Bari in ƙarasa wannan hannun riga.