Ya Isa

Taraktar Baba Cindo ta girme ni da damina tara.
Ja ce a da. Yanzu ta ɗauki launin ƙasar Dannakola
da ta ƙare rayuwarta tana juyawa.

Ran Laraba, ina tsakiyar huɗa,
wari ya taso kamar na ɓaragurbi.
Na ɗaga murfi, batir na tafasa,
ruwansa ya cinye mini bakin hannun riga.
Allurar mita ta kwanta dama, ta ƙi tashi.
Kafin isha ƙwayayen fitila sun yi fari fat, sun mutu.

Kukan rashi na saba:
batir ya kwana, a tura, a sake turawa.
Ban san yawa ma ciwo ba ne.

Na ɗauko Tanimu rewaya daga bakin tashar Daura,
kayan aikinsa a tsohon buhun taki.
Bai taɓa komai ba. Ya ce in tayar.
Ya karkata kai, kamar mai satar ji ta bayan danga.

"Dainamo ba ta da laifi,
ita bayarwa kawai ta sani.
Mai ce mata ya isa muke nema."

Ya bi wayar ƙasa, ya kankare tsatsa.
Allura ko gezau.
Ya zare siririyar wayar baya, allura ta faɗo.
"To, ɓarawon na cikin akwati."

Noti biyu, ɗaya sai da ya sha kananzir.
Murfin katawut ya buɗe,
sai ga gidan zanzaro, ginin laka ɗaki uku,
ya danne bakin kwantak ya hana shi rabuwa.
Tun rani yake ciki, ba sallama, ba kuɗin haya.

Tanimu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Da tsinken tsintsiya ya rushe ginin,
ya goge, ya hure.
Na tayar.
Allura ta hau, ta ɗan yi shawara,
ta dawo tsakiya ta zauna.

Na ƙirga masa kuɗi, na ƙara, na kuma ƙarawa,
halin Baba, da ya yi ta ɗiba wa mutane a rumbu
har muka auni gero a shekarar da muka fi kowa noma.
Tanimu ya riƙe mini hannu.
"Ya isa."

Muna ɗaure murfi mai gidan ya dawo,
laka a bakinsa,
yana ta kewaya injin.